Kaset Daga Alƙahira

A shekarar ƙarshe ta mulkin farar hula na biyu ina malamin gona a Bodinga. Aikin ofis kusan babu shi, domin babu taki a sito, babu mai a babur ɗin da ya kamata in riƙa zagaya ƙauyuka da shi. Abin da ya riƙe ni a kujerata shi ne shirin manoma da nake yi wa gidan rediyo na Sakkwato kowane mako. Nakan zauna da rikoda in yi bayani kan abin da lokaci ya kawo, shuka ko dashen albasa ko ajiyar hatsi, in naɗe a kaset, a kai birni a saka.

Lokacin ne gwamnati ta ce a tsuke bakin aljihu. Albashi sai ya ga dama yake zuwa. Shinkafa da madara da sabulu sun ɓace daga kantuna, sai ka ji labarin an sauke a wani wuri ka ruga ka bi layi. Kullum kuma ana raɗe-raɗin za a rage ma'aikata, kowa yana kallon na kusa da shi.

Mahaifiyata tana zaune a Shagari, a gidan da mahaifinmu ya rasu ya bar ta. Ni ne ɗanta na fari, don haka ba ta taɓa kiran sunana ba. "Kai wanga" take ce mini. Idonta na hagu ya mutu ba mu sani ba, domin ta ɓoye mana, sai ranar da ƙanwata ta ga tana zuba nono a gefen ƙwarya. Na daman ma ya soma rufewa daga gefe zuwa tsakiya. Ta ce kamar tana leƙen duniya ta bakin tulu. Mun je asibiti a Sakkwato, mun je Kano, aka ce mun makara. Sai ɗan kawuna, wanda ya girme ni, yake karatun addini a Alƙahira da iyalinsa, ya aiko da saƙo ta bakin wani alhaji cewa a kawo ta Masar, akwai likitocin ido a can. Muka sayar da shanunta, muka yi fasfo.

Na je wurin shugaban ofishinmu, wani dattijo mai yawan shiru. Na durƙusa na ce, "Ranka shi daɗe, hutu nika so, in kai tsohuwa asibiti Masar."

Ya ce, "Wanga lokaci? Kowa ya tashi daga kujera yanzu ba shi dawowa ya iske ta."

Na ce idonta guda ya rage, shi ma yana tafiya.

Ya tashi ya rufe ƙofa. Ya ce ba zai iya ba ni hutu ba, amma zai ce ya tura ni rangadin ƙauyuka. Sharaɗinsa biyu. Kada shirin manoma ya fasa fita ko sau ɗaya, domin muddin ana jin muryata a rediyo babu mai tambayar ina nake. Kuma kada wani abu a cikin kaset ɗin ya nuna ba ni cikin ƙasa. Na amsa da sauri, ban ma tsaya na yi tunanin yadda za a yi ba. Na naɗi shirye-shirye kaɗan na bar masa, na cusa rikoda da sauran kaset da batir a jaka, muka hau motar Kano.

Ɗan kawuna yana zaune a saman wani dogon bene, a unguwar da mutane suka yi wa yawa. Shi da matarsa suka bar mana ɗaki guda suka matsu da 'ya'yansu a ɗayan. Tun safiyar farko na gane na shiga uku. Garin ba ya shiru. Motoci suna ta oda ba dalili, mai sayar da iskar gas yana buga tukunyarsa da ƙarfe, maƙwabta suna hira ta taga daga wannan bene zuwa wancan. Na rufe ƙofa da taga na naɗa, na kunna na saurara: ga ni ina bayanin dashen albasa a fadamar Dingyadi, ga wani a bayana yana tallar burodi da Larabci. Na gwada banɗaki, murya ta riƙa amsa kuwwa. Daga ƙarshe sai na shiga ƙarƙashin bargo da rikoda da takardata da tocila, ina magana gumi yana ɗiga a kan rubutun. Idan wata mota ta yi oda mai ƙarfi sai in koma baya in sake.

Aikawa ta fi naɗar wuya. Ranar da jirgin Kano zai tashi nakan tafi filin jirgi in tsaya kusa da layin fasinjoji, in nemi mai fuskar Bahaushe in roƙe shi ya kai kaset ɗin tashar motar Sakkwato a Kano, ya ba wani direba da na sani. Da yawa sukan ƙi. Suna tsoron kwastan, kuma ban ga laifinsu ba. Wa zai karɓi ƙunshi daga hannun wanda bai sani ba a ƙasar mutane?

Likitan da ya duba Inna mutum ne mai furfura, mai magana a hankali. Ɗan kawuna ne yake fassara mana. Ya ce za ta yi ta ɗiga magani tukuna har hawan jinin idon ya sauka, sannan a yi aiki. Ya ce ba zai ɓoye mana ba: aikin yana iya riƙe ɗan ganin da ya rage, yana kuma iya rufe shi gaba ɗaya. Idan ba a yi ba kuwa, rufewar babu makawa.

Na sauko da Inna daga matakala. Ta riƙe hannun rigata ta ce, "Kai wanga, tunda haka ne, kai ni in ga garin tun ina gani."

Na ce, "Inna, ai magani munka zo."

Ta ce, "Na ji. Amma ina son in ga babban masallacinsu, in ga dalar Fir'auna, in ga kogin da anka jefa Annabi Musa."

Matar da tunda aka haife ta ba ta taɓa neman a kai ta ko kasuwar Sakkwato ba. Ban iya ce mata a'a ba.

Daga nan kwanakina suka rabu gida uku, kuma kowane kaso yana cin ɗan uwansa. Da safe asibiti. Da hantsi mu shiga motar haya ko bas mu nufi inda take son gani. A cikin bas ɗin nake rubuta shirin mako a kan gwiwata, hannu guda yana riƙe da ita. Idan mun dawo ta kwanta, in shiga bargo. A babban masallacin ta riƙa shafa ginshiƙai da tafin hannu tana salati, tana tambayata launin kowane abu, ni kuwa hankalina yana kan ko kaset ɗin da na aika ya wuce Kano.

Ranar da muka je dala ta zo daidai da ranar jirgi, domin ita kaɗai ce ranar da ba mu da ganin likita. Na lissafa cewa idan muka fita da wuri zan mayar da ita gida in kama filin jirgi kafin la'asar. Da muka isa, Inna ta tsaya a gaban babbar dalar. Ba ta iya ganinta gaba ɗaya, don haka sai ta riƙa ɗaga kai a hankali, daga dutse zuwa dutse, tana bi har sama, ta sauko ta ɗaya gefen. Ta daɗe tana haka. Ni na samu wani dutse na zauna na zaro takarda, domin shirin mako mai zuwa ko layi ɗaya ban rubuta ba.

Ta juyo ta ce, "Mi kaka yi?"

Na ce aiki.

Ta ce, "Ni da guntun ido ina dubi, kai da biyu kana dubin takarda. Ɗaga kai ka duba mani can sama, ka hwaɗa mani ko tsuntsu na sauka."

Na ɗaga kai. Babu tsuntsu, sai sama da rana. Na faɗa mata. Ta ce mu zagaya ta ga bayanta. Na duba agogo, na ce lokaci ya tafi. Ta ce ba ta san za ta sake zuwa ba. Muka zagaya, tana tafiya a hankali cikin yashi.

A hanyar dawowa bas ya tsaya cikin cunkoso ya ƙi motsi. Na ajiye ta gida, na sauko da gudu na tari tasi. Ina isa filin jirgi na tarar fasinjojin Kano sun riga sun shige. Na roƙi ɗan sandan ƙofa da Larabcin makarantar allo da Turanci da hannu, ya girgiza kai. Na tsaya a wurin da kaset a hannu har na ji ƙarar tashin jirgin.

Bayan 'yan kwanaki na tafi gidan waya na bi layi don in kira ofis. Da ƙyar aka haɗa ni. Muryar shugabana tana zuwa tana ɓacewa kamar daga cikin rijiya.

Ya ce, "Ina kaset? Tsohon shiri sunka maimaita, har an soma tambayata."

Na soma ba shi haƙuri, ya katse ni. Ya ce in bar maganar albasa. Bushiya ta shigo, cutar nan mai kashe shanu, ta kama garke a yankin Shagari tana gangarowa Sifawa. Ya ce daga sama an ba da umarni shirin wannan mako ya zama na kiran makiyaya su kawo dabbobi rigakafi. "In bai zo ba wani za su ba, ni kuma ban da sauran abin da nika hwaɗa masu." Ya soma gaya mini wuraren da masu allura za su tsaya, waya ta yanke. Na roƙi a sake haɗa ni, ma'aikacin ya nuna mini mutanen da ke bayana.

Ban gaya wa Inna ba. 'Yan uwanta duk makiyaya ne, kuma likita ya ce kada ranta ya ɓaci.

A ganin likita na gaba ya ce idon ya sauka, za a yi aiki. Ranar da ya sa ita ce washegarin ranar jirgi. Wato yini ɗaya ya rage mini, kuma a cikinsa ne zan naɗi shirin, in kai filin jirgi. Na riga na kwana biyu ina gwadawa a ƙarƙashin bargo ba ta yiwu ba, domin ana rushe wani gini a bayan gidan. Kaset marar komai guda ya rage mini, batir kuma ya soma sanyi. Kogin ne kaɗai ba mu je ba. Ɗan kawuna yana da jarrabawa, matarsa tana fama da yaro marar lafiya.

Da safe na zauna kusa da tabarmarta na ce, "Inna, mu bar kogin sai bayan aiki."

Ta ci gaba da jan carbinta. Can ta ce, "Bayan aiki da wane ido?"

Na ɗauki rikoda na rataya, na kama hannunta.

A bakin Nilu muka sami wani tsoho mai jirgin ruwa irin wanda iska ke turawa. Na nuna masa da hannu cewa zagaye kaɗan muke so. Muka taimaka wa Inna ta shiga ta zauna a kan katako. Da jirgin ya yi nisa da gaɓa sai na lura da abin da ban ji ba tunda muka sauka a ƙasar. Shiru. Odar motoci ta koma can nesa, sai motsin ruwa a jikin jirgi. Murna ta kama ni. Na ce, "Inna, don Allah ki duba kogi, kada ki yi magana, zan yi aiki." Ta ce to. Ta sunkuya ta sa hannu a ruwa.

Na kunna rikoda na yi sallama kamar ina zaune a ofis a Bodinga. Na bayyana alamun cutar, hawaye da dalalar miyau da gudawa. Na ce a ware marar lafiya daga garke, kada a kai shi kasuwa, kada a shayar da shi a mashaya ɗaya da masu lafiya. Magana tana tafiya daidai. Sai na ce ina kira musamman ga makiyayan yankin Shagari, inda cutar ta fi tsanani.

"Innalillahi! Shagari? Bushiya ta shiga Shagari?"

Na kashe rikoda. Ta juyo gaba ɗaya tana nemana da idon nan guda. Ta ce, "Shanun kawunnanka fa? Tun yaushe ka sani?"

Na ce ban san komai game da nasu ba, waya ce ta yanke. Ta soma kuka, irin kukan da ba ya sauti. Na rikice. Gobe za a yanka idon nan, ga shi tana murza shi da gefen mayafi. Na riƙe hannuwanta ina cewa, "Inna, don girman Allah ki daina, ki tausaya mani." Mai jirgin ya kawar da kai ya shiga gyaran igiya.

Da ta lafa na zaro kaset ɗin na sa biro a ramin na juya shi baya da hannu, don kada in ƙone batir. Na mayar, na buɗe baki zan ci gaba, sai kiran sallar azahar ya tashi daga gaɓa biyu, masallaci bayan masallaci, wannan yana gamawa wancan yana somawa. Na zauna da yatsa a kan maɓalli ina jira. Ban taɓa ƙosawa a gama kiran salla ba sai ranar, har na riƙa istigfari a zuci.

Jirgin ya zo kusa da wani tsibiri mai gonaki. Inna ta share fuska ta ƙura ido. Ta ce a hankali, "Wancan ba jigo ba ne?" Jigo ne kuwa, irin namu na fadama, wani manomi yana ɗebo ruwa da shi yana zubawa a kwari. Ta ce, "Ashe su ma albasa suka noma." Ta ci gaba da kallonsa har muka wuce, tana juya kai tana binsa.

Na naɗi sauran shirin. Kafin in kai ƙarshe na ga kaset ɗin yana juyawa da ƙyar. Na yi sauri na rufe da addu'a. Ban saurara ba, domin babu batir ɗin saurare kuma babu lokaci.

Ban iya mayar da ita gida ba. Daga bakin kogi muka wuce filin jirgi tare, ta yi sallarta a zaune a wani lungu. Layin Kano ya riga ya soma shiga. Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya. Wani ɗalibi ya ce an hana su. Wani alhaji ya ce ba ya karɓar saƙo. Wani ko kallona bai yi ba. Saura wata mata 'yar kasuwa mai manyan ƙunsuna, ita ma ta ce kayanta sun ishe ta jidali da kwastan. Sai na ga Inna ta taso da lalube ta kama gefen gyalen matar.

Ta ce, "Ɗiyata, ki dube ni. Gobe za a yi mani aikin ido. Wanga yaro ya baro aikinai sabili da ni. Abincin iyalinai na cikin wanga abu. Ki taimaka don Allah."

Matar ta kalle ta, ta kalle ni. Ta karɓi kaset ɗin ta tura cikin jakar hannunta, ta ce, "Allah ya ba ki lafiya, Inna. Da hannuna zan kai tasha."

Washegari aka yi aikin. Na yini a kan benci a bakin ɗakin, ban iya cin komai ba. Da ranar cire bandeji ta zo, likita ya ɗaga hannu a gabanta ya tambaya. Ta ce tana ganin haske, tana ganin wani abu yana motsi. Ya matso da fuskarsa, ta ce ga mutum amma ba ta rarrabe kamanni. Ganin ya ragu a kan na da, amma bai rufe ba. Likita ya ce iyakar abin da aka iya riƙewa ke nan, kuma sai mu ƙara zama a riƙa duba ta.

Muna cikin wannan zaman ne wata safiya ɗan kawuna ya fito daga ɗaki da rediyo a hannu ya ce sojoji sun karɓi mulki a gida. Na ruga gidan waya, aka ce layin Najeriya ba ya shiga. Na sayi sabbin kaset da batir na ci gaba da naɗar shiri ina kai wa duk wanda zai karɓa, ban san ko akwai mai saurare ba, ban san ko ofishin ma yana nan ba.

Da muka dawo na kai Inna Shagari. Garken kawunnaina ya kusa ƙarewa. Babban cikinsu ya zo gaishe ta, suka zauna a zaure suna yi wa juna jaje. Washegari na tafi Bodinga. Shugabana ya ce kaset ɗin kogi ya iso a kan lokaci, amma da aka kunna a gidan rediyo, wajen ƙarshe muryar ta rikice ba a gane ta. Sai suka sa wani ma'aikacinsu ya saurari abin da ya ji ya karanta da bakinsa. Tun daga makon nan shi ke yin shirin. Waɗanda na aiko daga baya suna cikin durowar shugabana, ko buɗe su ba a yi ba. Ya ce ya yi iyakar ƙoƙarinsa, na ce na sani.

Ba a yi nisa ba sojoji suka soma rage ma'aikata. Shugabana aka fara yi wa ritaya, sannan aka zo kanmu. Na koma gida na zauna, ina fita da safe kamar mai zuwa ofis don kada yara su tambaya. Ƙanwata ce ta kai wa Inna labari. Inna ta aiko a kira ni.

Na same ta a bakin ɗakinta, inda rana ke faɗowa. Na durƙusa na gaishe ta.

Ta ce, "An ce sun sallame ka."

Na ce, "Haka ne, Inna."

Sannan ta ce akwai wata 'yar fadama da ta gada wajen mahaifinta, a bayan gari, tun rasuwar mahaifinmu ba wanda ya taɓa ta. Ta ce rijiyar ta rufta, amma ƙasar tana da kyau, in je in duba.

Bayan ranar kasuwa na tafi tare da mijin ƙanwata. Ciyawa ta cinye wurin, sai da muka yi ta sara kafin mu gano bakin rijiyar. Na tuɓe riga na shiga, yana jan guga yana zubar da ƙasa. Hannuwana da suka saba da biro suka farfashe tun kafin azahar. Wajen la'asar laka ta soma kama mini ƙafa, ruwa ya fara tsattsafowa baƙi ƙirin. Lokacin albasa ya riga ya wuce, don haka kuɓewa da yakuwa muka shuka a shekarar.